Idan Tasha Ta Ɓace

Gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwar Tawa,
shekara ashirin da kunnena nake ci.
Na san shirun batir in ya mutu,
na san na waya in ta tsinke daga ciki.
Amma shirun ɗiyata Bibata,
wata bakwai yana gabana ban gane shi ba.

Tun ran haihuwa hannun damanta a dunƙule yake,
kamar ta zo da saƙo ta hana a gani.
Ƙafafu a sanƙare, wuya ba ya riƙe kai.
Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta ji rauni.
Muka ce to, muka saba,
sabon kuwa shi ya rufe mana ido.
Kome jikin ya yi sai mu ce ai haka take.

Habsu ce ta fara lura.
Cokalin kunu na tsakanin kwano da baki
ta ce, Alkasum, dubi yarinyar nan.
Ido ya tafi hagu ya ƙi dawowa,
leɓe na tsotsar abin da babu,
kunun ɗazu yana gangarowa ta haɓa.
Na ce Biba. Na tafa hannu.
Rediyon a kunne, tashar ta ɓace.

Ga abin da na koya, ba a rana ɗaya ba.
Sanƙarewar kullum ta san muryata:
in na kira, ko jiki ya ƙi, ido yana zuwa.
Rawar ƙafa ta kullum, in na dafa, takan kwanta.
Waccan ba ta san ni ba.
Na dafa ta ci gaba da bugawa ƙarƙashin tafina,
da kiɗinta, da lokacinta.

Babbar ta zo daren Talata, an ɗauke wuta.
Ƙara ɗaya, sai jiki ya miƙe kamar itace,
sannan fizga, fizga,
leɓe ya koma launin toka, tabarma ta jiƙe.
Inna ta rugo da albasa da cokali,
maƙwabciya ta janye ƴaƴanta, wai yawu na harbi.
Ban yi fushi da su ba. Ni ma tsaye nake
da fitila a hannu, ban san me zan haska ba.

Majo Tsahara ta kira ta da sunanta: farfaɗiya.
Ta ce yawu yawu ne, ba ya ba kowa ciwo.
Kwantar da ita ta gefe, ka sa zane ƙarƙashin kai,
kada ka danne ta,
kada kome ya shiga bakin nan, ko ruwa, ko yatsa.
Ka dubi agogo.
In ta kai minti biyar, ko ta tafi ta sake dawowa
yarinya ba ta farfaɗo ba, ɗauko ta, ko tsakar dare ne.
Agogo! Ɗiyarka na fizga a ce ka dubi agogo.
Na duba. Minti biyu ashe ya fi Tawa zuwa Ƙwanni nisa.

Littafin da nake rubuta masu bashi
na juya shi ta baya.
Laraba, bayan zazzaɓi, ido hagu, minti ɗaya.
Asabar, mun makara da magani, hannu kaɗai.
Bashi na tahowa daga gaba, Bibata daga baya,
wata rana za su haɗu a tsakiya.

In ta wuce takan bar ta da barci mai nauyi.
Ba na tafiya rumfa.
Ina zaune har ta motsa, in ce Biba, a hankali,
kamar mai murɗa allura yana neman murya cikin hayaniya.
Idon yakan zagaya rufin ɗaki,
ya bi bango, ya wuce Habsu,
ya dawo, ya same ni.