Jakin da Ya Taka Iska

A Valparaíso gidaje kan hau kafaɗar juna
kamar yara masu leƙen wasa ta kan katanga.
Namu na can ƙarshen matakala ɗari da sittin da uku.
Na ƙirga su ranar da muka sauko da Mama.

Wata bakwai ke nan.
Babana Evaristo ya daina zuwa bakin teku,
ya daina faɗa da rediyo.
Yakan zauna jikin taga, shayi na hucewa a hannunsa,
yana kallon jiragen da ya shekara talatin yana sauke wa kaya
kamar bai taɓa sanin sunan ko ɗaya ba.

Ni kuwa ina ƙera wasan bidiyo a teburin girki,
labarin masuncin da teku ya cinye wa ɗa.
Na so ya yi nauyi. Na so duk wanda ya buga
ya ajiye na'ura ya nemi hankici.
Na zana ruwan sama, na zana baƙaƙen kaya,
na sa jita tana kuka ƙasa-ƙasa.

Daren Laraba, wajen ƙarfe biyu,
na kunna wurin jana'iza don in gwada.
Mutum shida ɗauke da akwati,
limamin coci na karatu,
sai jakin da na ajiye can baya don cike fili
ya ɗaga ƙafa, ya taka iska,
ya sake takawa.
Lamba ɗaya na rubuta ba daidai ba,
shi kuwa ya ɗauka sama ma matakala ce.
Ya wuce kan masu makoki, ya wuce hasumiya,
yana tafe yana tauna, ko a jikinsa,
har kunnuwansa suka shige gajimare.

Na dafe kai, na ja tsaki.
Sai na ji wani sauti a bayana
kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.
Baba ne, da bargo a kafaɗa,
ya fito shan ruwa.
Dariya ta kamo shi tun daga ciki,
ta naɗe shi, ta zaunar da shi a ƙasa,
yana nuna allo, yana share ido:
"Ximena, maido shi. Sake sa shi ya hau."

Sau tara jakin nan ya hau sama.
A na biyar Baba ya ce, "Uwarki ke nan,
ba ta taɓa jiran a gama huɗuba ba."
A na shida muka yi kukan
da baƙi da hidimar abinci suka hana mu yi.

Ya ba ni labarin sinimar unguwarsu
a shekarun da magana ke da tsada,
an nuna wani mai kaki ya zame a kan sabulu.
Ɗaki duhu, ba mai ganin bakin wani,
kowa ya ƙyaƙyata iya cikinsa.
"Makaminmu ke nan," in ji shi, "kuma ba a kama shi a aljihu."

Da safe Baltasar, abokin aikina, ya ce a gyara.
"Jana'iza ce fa. Za a ce ba mu iya ba."
Na ja shi bakin taga, na nuna masa bangon maƙwabta
inda wani ya zana mata masu jiran jirgi,
fuska duk damuwa, teku baƙi ƙirin,
amma can ƙasa, a kusurwa,
ga kare ya ɗaga ƙafa yana jiƙa sunan mai zanen.
Shekara nawa muna wucewa ta nan?
Karen ke tsayar da mu, sannan mu ga matan.

Ban gyara lambar ba.
Na dai rage wa jakin sauri
don mai hawaye a ido ya samu ya gan shi.

Yau Baba ya sauka kasuwar kifi.
Ina jiyo shi daga nan, yana hawowa,
yana haki, yana zagin matakala ɗaya bayan ɗaya.