Yoyon Da Ba Ya Ɗiga

A Matanzas, bayan gadar ƙarfe,
motar kakana na kwana a gindin mangwaro.
Shuɗiya ce, ta girmi uwata da shekara shida.
Ta kai amare coci, ta raka gawa,
ta taɓa ɗauko alade daga ƙauye a kujerar baya.
Yanzu in ta kama tudun Monserrate
sai ta yi tari biyu, ta shiɗe,
ta tsaya tana kallon teku
kamar wadda ta tuna an bar tukunya a wuta.

Mun canja filogi.
Mun wanke kafireta a kwanon da Gwaggo Odalys ke jiƙa wake,
kwana uku ba ta amsa gaisuwarmu ba.
Mun zargi mai, mun zargi mai sayar da man.
Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ya kwana,
gari ya waye kwalin fes, ko ɗigo.
Na ce wa Eladio, ai ba ta yoyo.

Eladio mai yatsu tara da rabi
ya mayar da sigarinsa, wanda ba a kunna ba, ɗaya gefen baki.
Ya ce, yarinya, abin da ke fita kike nema.
Nemi abin da ke shiga.
Famfo tsotsa yake yi.
In akwai kafa a hanya, ba mai zai zubar ba,
iska zai sha, ya ba inji, inji ya ƙoshi da babu.

Ya zaro robar ƙarin ruwa ta asibiti daga aljihu,
ya haɗa tsakanin bututu da famfo.
Na murza makulli.
Ga fetur na gudu, launin shayi marar kauri,
ga su kuma a cikinsa:
ƙananan kumfa a jere, ɗaya bayan ɗaya,
suna tafiya abinsu kamar sun biya kuɗin mota.

Saura a san ƙofar da suka biyo.

Yusniel ya cusa famfon keke a bakin tanki,
ya naɗe da tsumma, yana bugawa yana mita.
Ni kuwa na kwanta rigingine
da ruwan sabulu a gwangwani
da burushin askin kakana.
Taki ɗaya, in shafa, in jira.
Taki ɗaya, in shafa, in jira.
Tsatsa na zubo mini a ido.
Tururuwa ta sami hanya ta wuyan rigata.
Maƙwabta sun gama domino, sun sake zubawa,
inuwar mangwaro ta tashi daga ƙafata ta koma katanga.
Na kusa cewa a bari sai gobe.

Can sama da ƙafar baya,
inda wani ɗan maƙali ke riƙe bututu jikin ƙarfe,
sabulu ya motsa.
Ƙwaya ɗaya ta kumbura a hankali,
na ga tsakar gidanmu duka a jikinta, a kife,
har da ƙafafun Eladio.
Ta fashe. Wata ta taso.

Na kwance maƙalin. Ga kafar,
bakin allura ma ya fi ta faɗi.
Shekara saba'in yana riƙe da bututun kada ya faɗi,
kowane gargada yana ɗan cin sa kaɗan.
Na daɗe a kwance ina dubansa.
Ban san wa zan yi wa faɗa ba.

Muka yanke wurin, muka yi ƙari
da jan ƙarfen wani mataccen firji,
na sa guntun tayar keke tsakanin maƙali da bututu
don su riƙe juna ba ciwo.

Da yamma ta haye Monserrate a giya ta biyu,
ba tari, ba tunani.
Eladio ya ƙi karɓar ko sisi.
Ya ce ranar Lahadi a kai shi Cárdenas wurin ƙanwarsa,
kuma shi zai zauna a gaba.

Gwaggo Odalys dai har yau
sai ta shinshina kwanon kafin ta zuba wake.