Suna na Sha Bakwai

Gwangwanin fenti suka ba ni da dubu huɗu,
in sabunta sunayen da ke jikin dutsen nan
na kusurwar maƙabarta, bayan bariki,
inda ranar Sakkwato ta lashe baƙaƙen
kamar akuya ta samu gishiri.

A samansa an sassaƙa igwa, bakinta na duban kudu.
Zanzaro ya gina ɗaki a bakin.
A ƙarƙashi babu kowa.
Masu sunayen suna can inda ruwa ba ya ɗaukewa,
gindin itatuwan da ba su san sunansu ba.

Na fara. Labbo Gande. Nomau Kware.
Bitrus na Zuru.
Jabbi, haka kawai, ba uba, ba gari.

Wajen hantsi wani tsoho ya zo da buta,
ya ja tubali ya zauna.
Na yi sallama sau biyu.
Mai gadi ya ce, ɗaga murya,
igwa ta cinye kunnuwansa tun ba a haife ka ba.

"Wanga shi ka ɗauko harsashi," in ji tsohon.
"Wancan shi ka awo. Ni ka jan igiya.
Lamba aka ba mu, mu juya, mu ja.
Ba mu ganin inda shika faɗuwa.
Sai ran da munka shiga wani ƙauye,
munka iske tukunya bisa murhu, da sauran ɗumi,
da takalmin yaro, wari guda."

Ya yi shiru. Fenti na ɗiga mini a gwiwar hannu.

Da na kai na sha bakwai, Arzika Wamakko,
sai ya kama ni a wuyan hannu.
"Ni na. Akawu ya yi kure.
Wata tara bayan zaman makokina na sauka tasha."

Na kai baki kunnensa: In kankare?

Ya yi dariya, haƙori uku.
"Ofishin fansho ma sun ce matacce ba shi amsa.
Cika shi, yaro.
Rami guda munka kwana da waɗanga,
ina za ka kai ni?"

Na bi sunan sau biyu, har ya fi sauran haske.
Bai jira ya bushe ba,
ya dangwala babban yatsa a kai,
ya ɗauki butarsa,
ya bi tsakanin kaburbura ya nufi ƙofa
da farin yatsa,
kamar wanda ya karɓi albashi.