Kuɗin Gawa

Dubu uku suka ce, da abincin rana,
in dai zan iya kwanciya ban motsa ba.
Yaron da ke rubuta sunaye a Ƙofar Guga
ya dube ni daga hula har silifa,
ya ce, "Baba, kai ka dace da gawa."

Ban gaya masa na taɓa yi ba.
Bara, daren Laraba, a Unguwar Marke,
na kwanta a gindin rumbun Sallau,
hannun ƙanena Mati a wuyana yana hucewa,
har gari ya waye ba wanda ya kira salla.
Ba wanda ya biya ni waccan mutuwa.

Suka kwashe mu zuwa wani fili bayan gari.
Bukkoki shida na sabuwar ciyawa,
ko kaza ba ta taɓa kwana ciki ba.
Wata yarinya ta dama soɓo da sitaci,
ta shafa min a ƙirji tana ba ni haƙuri.
Ƙudaje dai ba su san wasa ba,
yadda suka zo bara haka suka yi ta zuwa.

Mai ba da umarni, Nafi'u, ba mugu ba ne.
Ya ce, "In ba mu yi ba, wa zai tuna?
Rediyo ta ce mutum sha tara,
ta wuce zuwa farashin taki."
Ashirin da uku ne, ni na jera su.
Sauran maganarsa kuwa ba ta da gyarawa.

Amma ya sa mata su yi kururuwa.
Na ɗaga kai na ce, "Malam, ba a yi ihu ba.
Uwa da zanenta ta toshe bakin ɗanta.
Akuya ɗaya ce ta kwana kuka a turke."
Ya daɗe yana kallon ƙasa,
sannan ya ce, "Baba, koma ka kwanta.
Shiru ba ya sayuwa."

Sau bakwai aka kashe mu,
sau bakwai muka tashi muka kaɗe riga.
Wanda ya harbe ni ya miƙo min ruwan leda,
ya tambayi lafiyar gwiwata.
Ɗalibi ne, ɗan mutunci.
Na riƙe ledar har ta ɗumama,
na kasa sha, ga kuwa ƙishirwa.

Kuɗin sun zama gero da maganin tarin Hurera,
canjin ya sai wa 'yar Mati takalmin roba.
Tuwon ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.
Na ci, na side hannu, na rasa barci har asuba,
ina lissafin ko na sayar da wani ɗan'uwa.

Wata huɗu, a rumfar mai cajin waya,
samari sun haɗa kai a kan allo ɗaya.
Ga ni nan: tafin ƙafa da gefen kunne.
Sai aka yanke, aka sa tallar sabulu.
Wani ya yi dariya.
Wani ya goge ido da hula, ya ce,
"Wai nan kusa da mu aka yi haka?"
Ashe akwai wanda labarin bai kai wa.

Da ya ƙare, sunaye suka riƙa hawa.
Na ce wa yaron ya karanta min a hankali:
'yan wasa, direba, mai kwalliya, mai shayi.
Babu Mati, babu Sallau, babu kowa.

An ce za su yi kashi na biyu.
Na sa an rubuta min ashirin da ukun nan,
takardar na aljihuna, ta fara laushi.
In Nafi'u ya karɓa, kyauta zan kwanta.
In ya ƙi, ban san me zan ce ba.
Tiyar gero ta sake tashi,
kaka da saura, ga yara, ga yunwa.