Naira Hamsin Kowane Shafi

Ni dai sana'ata kwafi.
Shagona na kusa da Ƙofar Soro,
tsakanin mai gyaran agogo da mai turare.
Injina tsoho ne, sai ya yi tari kafin ya haifi shafi.
Ba na karanta abin da aka miƙo mini,
idona na kan ciniki, kunnena na kan janareta.

Wata Laraba bayan Magariba
Tasi'u akawu ya shigo, gumi ya jiƙa masa wuya
alhali yanzu ruwan sama ya ɗauke.
Shafi tara ya zaro daga ƙarƙashin singileti,
a goshin kowanne jan hatimi: SIRRI.
Ya ajiye ɗari biyar, bai tsaya canji ba.

Kwana uku, sai ga muryar Barira Jazuli a rediyo:
rijiyoyin burtsatse arba'in, an haƙa, an biya, an sa hannu.
A ƙasa kuwa ko ramin kurege babu.
Ƙauyen da takarda ta ce ya ƙoshi
har yau jaki ke kai masa jarka.

Aka ɗauke Tasi'u a kan teburinsa.
Aka tare Barira a bakin titi, aka karɓe wayarta.

Tun ranar bencin ƙofar shagona ya zama kotu.
Baba Maikano, tsohon saje, ya doka sanda:
"Amana ya ci! Da rantsuwa ya kama aikin nan.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Ɗana Nafi'u, baki ya kashe shi kafin harsashi.
Wani ne ya faɗi hanyar da motarsu za ta bi a daji,
su bakwai, takalmansu kawai aka kawo mana."

Bencin ya yi tsit.
Har mai agogo ya aje ƙaramin sukurdirebansa.

Can Malam Lurwanu ya cire tabarau, a hankali:
"Allah ya jiƙan Nafi'u.
Wancan sirri garkuwa ne, Baba,
wannan kuwa bargon ɓarawo.
Hatimin ne ɗaya."

"To wa zai bambance? Akawu?
Ko yarinya don an ba ta makirufo?"

"Wa kake so ya bambance,
wanda ya shanye rijiyar?"

Ba su shirya ba. La'asar ce ta raba su,
kuma sahu ɗaya suka tsaya, kafaɗa da kafaɗa.

Ranar shari'a na rufe shago na je.
Lauyan gwamnati ya jero tambayoyi kamar carbi:
wa ya buɗe durowa, ƙarfe nawa, da wane makulli?
Aka ce Barira ta faɗi wanda ya ba ta.
Ta ce, "Ya mai shari'a,
in na sayar da mutum ɗaya yau
gobe duk garin nan bebe ne."
Awa biyu ana bin sawun takarda,
ba wanda ya ce: ina ruwan?
Sai dai: ina ruwanka?

Jiya sammaci ya iso ni ma.
An gano tabon injina, ɗan baƙin layi
da yake ja a gefen kowane shafi
kamar tsagar gado.

Na ce ba na karanta abin mutane.
Haka ne, sai dai a daren nan
shafi ɗaya ya maƙale, na ciro shi da ɗumi,
rabi ya fito, rabi fari.
A rabin da ya fito akwai sunan ƙauyen uwata.

Baba Maikano ya ce in faɗi gaskiya.
Malam Lurwanu ma ya ce in faɗi gaskiya.
Ban san cewa tana da ƙofa biyu ba.

Gobe ƙarfe tara.
Na goge farar rigata, na rataye.
A aljihunta na sa naira hamsin,
canjin Tasi'u.