Gidan Barkono

A Atbara, bayan shagon gyaran jiragen ƙasa,
ka ce gidan Barkono, ko yaro zai kai ka.
Mu ne. Mutum arba'in da bakwai, ban da na goye.

Goggo Zulai ta ce zafin ran kaka Jibo ne,
wanda ya baro Haɗeja da niyyar Makka
guzuri ya ƙare masa a bakin kogin nan.
Baffa Tanimu ya ce a'a, yaji ya sayar a tasha.
Shekara hamsin suna wannan musu
a kan tabarma guda.

Sai ga wata Baturiya, Hilda,
rana ta gasa mata wuya,
da tsohon littafin albashi a cikin leda.
Ta ɗora yatsa a wani layi:
Barkenhow, injiniyan tukunyar jirgi.
Ƙasa da shi, da ƙaramin rubutu:
Jibo, mai zuba gawayi, yaron Barkenhow.

Na maimaita sau uku.
A na ukun harshena ya faɗa inda ya saba.

Ta ce sunan wani tudu ne can arewacin ƙasarsu
mai itatuwa masu farin ɓawo.
Wani makiyayi ya zauna a gindinsa,
mai karɓar haraji ya rasa yadda zai bambanta shi,
ya rubuta shi da tudun.
Daga nan masaƙa, sai maƙera,
sai yaƙi ya kwashe maza,
aure ya kwashe sunan daga kan mata.
An sare itatuwan. Tudun ma, ta ce, hanya ta cinye shi.

Ku nawa kuka rage? na tambaya.
Ta ɗaga hannu ɗaya,
ta lanƙwashe babban yatsa.

Goggo ta tura mata kofin shayi,
ta kira jikoki su jeru daga zaure har rijiya.
Ta ce da ni, gaya mata,
abin da ta zo nema a maƙabarta
ga shi yana wasa da ƙasa.

Hilda ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu.

Baffa bai ce komai ba sai bayan isha.
Yana naɗe tabarma ya ce,
duk da haka dai, ya sayar da yajin.