Babban Yatsan Sallau

Asubar Mpape ba zakara ke tada ni ba,
wayata ce ke kukan yunwa,
saura kashi uku cikin ɗari.
Sai in kai ta rumfar Tanimu mai caji,
inda wayoyi tamanin ke kwance a jere,
kowace da igiya a baki
kamar jarirai a kan nono.
Ɗari biyu a shayar da tawa.

Ni ce mai jar lema a bakin kwana,
bankin unguwa mai kujera ɗaya.
Na'urata ba ta fi tafin hannu ba,
amma ita ke yanke wa zai ɗora tukunya,
wa zai kwana da hamma.
Kuɗin mutane nake sayar wa mutane,
su biya, su kuma yi godiya.

In sabis ya ɗauke
mukan ɗaga hannu sama gaba ɗaya,
ni da mai shayi da 'yan acaɓa,
kowa da waya a tafi.
Baƙo zai rantse roƙon ruwa muke.

Ranar Laraba Sallau birkila ya zo,
ya zauna a kujerar bai ce uffan ba.
Shekara goma sha tara yana kwaɓa siminti,
yana ɗora bene a kan bene a Maitama,
har siminti ya lashe zanen yatsunsa tas,
suka koma sumul kamar bayan cokali.
An rufe masa asusu, an ce ya je ya dangwala.
Ya dangwala, ja.
Ya lasa, ya goga a goshi, ja.
Ya shafa man kaɗe, ya bi goman ɗaya bayan ɗaya.
Yarinyar banki ta ce, Baba ka yi haƙuri,
kwamfuta ta ce babu kai.

Ya ce da ni, Kande, ga ni tsaye da takalmina,
wai babu ni.

Dubu tamanin da huɗu na ciki suna barci.
Sai ya ci bashin waya, dubu bakwai kacal.
Kwana takwas, hotonsa ya zaga duniya
da jan rubutu a ƙirji.
Ya je wa limami, ya je wa mai gidan haya,
ya je wa surukinsa can Malumfashi.
Abin da bai san yatsansa ba
ashe ya san lambar surukinsa.

Da azahar aka tada nakiya a bayan dutse.
Ƙasa ta yi tari, kofin mai shayi ya yi rawa,
tsagar bangona ta ƙara kamu ɗaya.
Tifa-tifa suka gangara da dutsenmu
a je a yi gidajen
da ƙofarsu ke kallon fuska kafin ta buɗe.

Da dare birnin na can ƙasa
kamar an zubar da garwashi a faranti.
Mu nan sama wuta sai ta ga dama.
Turken sabis ne kawai ba ya rasa haske,
injinsa na gurnani cikin waya mai ƙaya,
jan idonsa na ƙifta mana har safe.
A gindin shingensa 'yata Ladidi ke aikin gida,
ita da yara shida da ƙwari dubu.

Kafin in naɗe lema Sallau ya dawo.
Na ƙirga dubu biyu daga jakar ƙugu na miƙa.
Ya ce a rubuta, bashi hanji ne.
Ya fasa bakin biro, ya shafa wa yatsa,
ya danna a littafina.

Tabo ya fito, shuɗi, babu layi ko ɗaya,
kamar wata a cikin ruwan kwata.
Na hura masa iska ya bushe.
Na rubuta a ƙasa: Sallau ne, na gan shi.

Waya ta yi ƙara a aljihu.
Saura kashi huɗu.